Injin Yaya da 'yan kunnen matan garinmu

Duk macen da ta taɓa zaman gidan yawa ta san yadda ake kwashewa ranar da wata ta tashi da safe ta shafa kunne ta ji wayam. Da farko za a zazzage akwati, a ɗaga katifa, a kakkaɓe zannuwa, yara su kutsa ƙarƙashin gado da tocila, kowa yana taya nema yana Allah ya bayyana. Zuwa azahar sai neman ya tsaya a koma kallon-kallo. Kuma kun san dai su wa ake kallo, 'yar riƙo, ko almajirin da ke yi wa gidan ɗiban ruwa, ko yarinyar maƙwabta mai tallan ƙuli da ta shigo jiya da yamma, in kuwa gidan akwai kishiya to ba sai an faɗa ba. Kafin magariba wata tsohuwa ta kawo shawarar a je wajen mai duba, shi kuma ya karɓe kuɗinsa ya zana ƙasa yace wata ce ba doguwa ba ba gajera ba, wankan tarwaɗa, tana yawan shiga ɗakinki. Dan Allah wace ce a garin nan wannan kwatancen bai hau kanta ba?

Ni dai abun da idona ya gane min tun da na fara yawo da injin gano ƙarfe na Yayana gida-gida a ƙauyenmu, nan tsakanin Gumel da Maigatari, shi ne da yawa daga abun da ake rantsuwa an sace yana nan kwance cikin rairayin tsakar gida, mai shi tana taka shi safe da yamma tana tsine wa ɓarawo. Ban ce ba a sata ba fa, ana yi. Amma ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne mai laushi, zobe in ya faɗi ko ƙara ba ya yi, kaza ta zo ta tona ta rufe, yaro ya taka, shi kenan ya shige.

Wanda bai san ƙauye ba zai ce ina matan ƙauye suka ga gwal. Akwai shi, ba da yawa ba amma akwai. Mace ta yi kiwon raguna a sayar mata gab da babbar sallah a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta haɗa da kuɗin adashi ta ba wani amintacce ya sayo mata 'yan kunne giram biyu ko uku a wajen 'yan gwal a Kano, wata na lefenta ne, wata kuma tsarabar Makka ce da mahaifiyarta ta bar mata. Ranar da ciwo ya zo ko auren 'ya ya taso ko damina ta ƙi, shi ake cirewa a kai a auna. Naira kullum narkewa take a hannu shi kuwa sama yake yi, a kasuwar duniya oza ɗaya, wato giram 31 da ɗan ɗoriya, ta haye dala 2,000 a 2020, ta haye 3,000 a watan Maris na 2025, kafin shekarar ta fita ta wuce 4,000. Ku buga da canjin yanzu za ku ga warin ɗan kunne ɗaya mai giram guda ya kama kuɗin tunkiya mai kyau. To mace ta rasa wannan a ce ta yi haƙuri, ai da wuya.

Injin dai ba don wannan aka saye shi ba. Lokacin da labarin zinaren Jado ya ɓarke a 2014, can ƙuryar arewa maso gabashin Nijar a jihar Agadas, samarin yankinmu da yawa sun tafi, daga nan a tsallaka a bi ta Damagaram a kai Agadas sannan a shiga sahara a bayan mota kwana da kwanaki. Yaya na cikinsu. Can babu haƙa mai zurfi da farko, inji ake ratayawa a yi ta bin fili ana saurare, in ya yi kuka a tona. Da gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017 ya dawo mana da rama da bashi da inji ɗaya a cikin buhu, ƙirar Minelab, wanda ake ce wa X-Terra 705. Ya nemi mai saye bai samu farashin kirki ba sai ya rataye shi a zaure, ƙura ta rufe shi, Baba in ya gani sai yace ga gonarmu ta bakin fadama can a rataye.

Yadda aka yi ya dawo hannuna kuwa dalilin kulle ne. Gwaggo, ƙanwar Babanmu da ke aure a unguwar gabas, ta nemi warin ɗan kunnenta ta rasa bayan sunan jikarta, kuma a gidan akwai wata yarinya marainiya da take riƙo, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba. Yaya yace injinsa zai iya ji in dai yana gidan, amma gidan ba Gwaggo kaɗai ba ce, akwai matan 'ya'yan mijinta, mai gidan kuma ba ya wasa da zancen shigar maza. Sai Yaya ya jefa zoben azurfarsa a rairayin ƙofar gidanmu ya rufe da ƙafa yace in nemo, ya nuna min inda ake kunnawa da yadda ake riƙo, yace in ji a kunnena kar in tsaya kallon sikirin. Da la'asar na saɓa shi a kafaɗa cikin hijabi na tafi yara na bina a baya.

Ina shiga na tarar da yarinyar a rakuɓe jikin rumbu idonta ya kumbura, an riga an zane ta tun safe. Na gaida Gwaggo nace ta ba ni ɗaya warin. Tace ke 'yar nan me za ki yi da shi, ko shi ma so ake ya bi ɗan'uwansa? Nace Gwaggo ki dai ba ni, gabanki zan ajiye. Na ajiye shi a ƙasa na wuce da farantin da ke ƙasan injin ta kansa, ya yi wata 'yar siririyar ƙara, na riƙe ƙarar a kunnena da lambar da ya nuna. Sannan na tambaye ta inda ta zauna ranar sunan. Tace tana ɗaki. Ɗaya daga cikin matan gidan tace a'a Inna ai kin fito kin sauke tukunyar waina da kanki, har kika cire ɗankwali kika sake ɗaurawa don zafi. Can na nufa, gindin murhun da aka kafa na biki, an kwashe duwatsun amma tokar na nan. Na tono ƙusa, na tono marfin lemo, na tono wani guntun cokali, matan gidan har sun fara dariya ƙasa-ƙasa. Can gefe inda aka tara toka da tsintsiya sai na ji irin waccan siririyar ƙarar. Na ɗebi tokar da hannu ina wucewa da ita ta saman farantin, tafi na farko shiru, na gaba shiru, sai wani ya yi kuka. Na buɗe tafin hannuna na hura, ga shi nan ya yi furu-furu da toka, maƙallin bayansa ya buɗe.

Gwaggo ta karɓa ta goge da bakin zane ta daɗe tana kallo. Ba ta ce wa yarinyar komai ba a gabanmu, manya ba sa ba yaro haƙuri da baki a garinmu, amma da daddare an ce ta kira ta ɗaki ta ba ta naman suna da ta ɓoye da sabon ɗankwali. Ni kuma tun daga ranar sunana ya koma mai inji.

Mutane da yawa sun ɗauka injin zinare yake gani, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko da aljani a ciki. Ba ya ganin komai kuma bai san zinare ba. A cikin farantin nan na ƙasa waya ce a nannaɗe, wutar batir tana bi ta cikinta tana kai-komo, a farantin da Yaya ya zo da shi sau 18,750 a daƙiƙa ɗaya, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke shiga ƙasa. In ya ci karo da wani abu na ƙarfe, ko wane iri ne, sai wata 'yar wuta ta taso tana zagaye a jikin abun, ita ma ta yi nata maganaɗisun, wata wayar ta biyu a cikin farantin ta ji shi, inji ya yi ƙara. Iyakar abun kenan. Abun da yake iya bambancewa shi ne baƙin ƙarfe irin ƙusa da reza, waɗannan lambarsu ƙasa da sifili take faɗawa kuma ƙararsu kauri gare ta, da kuma sauran irin su tagulla da azurfa da gwal da sanholo. Matsalar ita ce gwal ƙarami da takardar nan mai ƙyalli ta dunƙulen miya da ledar ƙwayar magani da guntun gwangwanin lemo duk kusan waje ɗaya suke faɗawa. In kika ce injin ya daina jin tarkacen nan to ya daina jin ɗan kunnen ma. Dole ki tona duka.

Kuma wallahi sai da na fara aikin nan na san yawan ƙarfen da ke cikin tsakar gidan Bahaushe. Ƙusoshi, marafan kwalba, matattun batura, allura, guntun waya, zip, maɓallin wando, gwangwanin tumatir da ya ruɓe ya zama gari, harsashin bindigar toka na zamanin kakanni. Taku ɗaya kuka uku. Shi ya sa wanda ba shi da haƙuri ba zai iya ba, Yaya kansa da ya saba da sahara inda in inji ya yi kuka akwai dalili, yace tsakar gida hawan jini take sa shi. Farantin kusa da ƙasa ake riƙe shi ya kusa shafar rairayi, a riƙa kai shi dama da hagu a hankali kamar mai sharar ɗakin surukuwa, kowane zagaye ya hau kan rabin na baya. Ni nakan ja layi da kara in raba wurin gida-gida, wanda na gama in aza dutse, saboda in ba haka ba sai ki maimaita wuri ɗaya ki bar wani ba ki taɓa ba. Kafin in fara nakan cire zobena da awarwaro in ba wata ta riƙe min waya ta matsa can, takalmi ma na roba nake sawa.

Abun da ya faɗi kwanan nan ba ya nisa, yana cikin ɗan yatsa ɗaya ko biyu na rairayi, don haka ba na zuwa da fartanya, 'yar rariya ce irin ta masu gini da ƙoƙon roba. Zobe babba injin yana iya jin sa ko ya kai taƙi ɗaya a ƙasa, ɗan kunne ƙarami kuwa sai an kusa shafa shi. Mu nan mun yi sa'a ƙasarmu fara ce ba ta da gardama. Na taɓa kai shi gidan ƙawata wajen Kazaure inda ƙasar ja ce ga marmara, tun kafin in fara ya dinga gunaguni shi kaɗai, saboda jar ƙasa akwai sinadarin ƙarfe a cikinta, sai an tsaya an daidaita shi da ƙasar wurin ana ɗaga farantin ana saukewa har ya yi shiru, kuma duk da haka ba ya jin nesa kamar a gida.

Cikin ɗaki kuwa kar ma a fara. Gadon ƙarfe, jeren kwalla da samira, kwanon rufi in ɗakin gajere ne, rodin da ke cikin siminti, duk sai su haɗu su yi masa ihu. Wannan matsalar tun ranar farko take. A 1881 da aka harbi shugaban Amurka James Garfield likitoci suka kasa gano inda harsashin ya maƙale, Alexander Graham Bell mai wayar tarho ya haɗa wata na'ura irin wannan ya zo ya gwada a jikinsa, ta dinga ba shi ƙara ba kan gado, ashe katifar da aka kwantar da shugaban a kai akwai wayoyin ƙarfe a cikinta, ga babban likitansa kuma ya ƙi bari a duba ɗaya gefen jikinsa. Shugaban ya rasu a watan Satumba na shekarar. In an ce min a ɗaki abu ya ɓata sai in ce a fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, filo, katifar auduga, ƙullin tsumma, a shimfiɗa a fili nesa da komai in bi ta kansu. Na taɓa samun zobe cikin ɗinkin filo ta haka. Wannan 'yar ƙaramar ta hannu da ake caje mutane da ita a ƙofar masallacin Juma'a da wajen taro tun bayan hare-haren Kano na 2012, ita ta fi dacewa da irin wannan, don ba ta jin nesa sai abun da ke dab da ita, amma a rairayi ba ta da wani amfani sosai.

Wuraren da abu ke faɗuwa kusan ba sa canzawa. Wajen wanke-wanke da bakin rariyar da ruwa ke fita, saboda sabulu yana zare zobe ba ki ji ba, balle da hunturu da yatsa ke ƙanƙancewa don sanyi. Gindin turmi, mai daka tana tafi tana cilla taɓarya. Bakin rijiya. Turken awaki. Inda ake kitso, nan kam 'yan kunne ne, a cire a ƙulle a bakin zane a manta a tashi. Da kuma inda mai goyo ke zama, don jariri ba abun da yake so kamar ya ja kunnen uwarsa. Amma babban ma'ajin shi ne juji, saboda duk abun da ya faɗi da daddare, da asuba tsintsiya ta kwashe shi.

Wanda ya fi tsaya min a rai na wata amarya ce a ƙauyen da ke kudu da mu. Zobenta na lefe ya ɓata tun da kaka, aka yi rigima har uwargida ta yi yaji ta dawo, an kai ga cewa za a dafa Alƙur'ani liman ya hana yace zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Sai da bazara labarina ya kai musu. Na bi tsakar gidan kaf babu. Nace ina jujinku, suka nuna min wani fili an kwashe tas, ashe satin da ya wuce mai gidan ya sa an loda shi a amalanke an kai gona taki. Nace an baza? Yace a'a yana nan tsibi-tsibi ana jiran ruwa ya sauka. Muka ɗunguma gonar da ni da ƙanin mijin da yara, rana tana dukan tsakar ka. Kowane tsibi sai yaran su baje shi da manjagara ya yi faɗi, don in yana tule injin ba zai ji na can ciki ba, ni kuma in bi. Kashin awaki, toka, ƙaiƙayi, ledoji, da tarkacen ƙarfe iya ganinki. Har na fara tunanin in ce a haƙura, sai ga wata ƙara mai tsabta, cikakkiya, ko ta ina na juyo da farantin iri ɗaya take fita ba ta rawa. Zobe haka yake, da yake da'ira ce rufaffiya wutar nan tana samun hanyar zagayawa sosai. Yaron da ya tsince shi ya ɗauka a guje ya yi gida yana ihu tun kafin in gan shi da kyau. Da na karɓa daga baya na duba cikinsa an buga 875, wato ƙarat 21 kenan irin wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, in 916 ne ƙarat 22, in 750 ne 18. Da an yi ruwa an baza takin shanu sun bi da garma, to sai dai wani jikan ya tsinta.

Uwargidan ce ta ba ni tukuici ba amaryar ba. Zabi biyu ta kamo min da kanta.

Na damina kuwa daban ne. Shekarar 2022 da ruwa ya yi ɓarna a Jigawa, su Ringim da Haɗeja da Auyo kogi ne ya ci su, mu nan ba kogi amma ruwan sama ya jiƙa ginin ƙasa ɗakuna suka dinga zubewa. Wata dattijuwa ta fita da ranta da zanen jikinta, sarƙarta da 'yan kunne suna cikin ɗan gwangwanin man shafawa da ta binne a ƙarƙashin gado. Wannan bai ba ni wuya ba ko kaɗan, da aka janye azara da kwanon rufi aka fitar da gadon, gwangwanin da kansa ya yi ta kuka tun daga nesa. Da a tsumma ta ƙulle su da mun sha wahala.

Sarƙa ita ce ciwon kaina. Za ki ga sarƙa giram biyar ko shida, ta fi zobe nauyi da kuɗi, amma ki ajiye ta a ƙasa ki wuce da inji ya yi gum. Dalili kowane ɗan ƙulli nata shi kaɗai yake amsawa, kuma ƙanana ne ƙwarai, sai dai a ci sa'a maƙallin ko abun da ke rataye a jiki ya yi ƙara. Ɗan kunne mai zagaye ma in ya buɗe ƙararsa raguwa take. Abun da ya faɗa rijiya ko masai kuwa ba aikina ba ne.

A nan ne nake samun saɓani da mutane, kuma shi ne abun da ya sa na zauna rubuta wannan. In na gama bin gida ban samu ba, sai in ga an juya ana kallon wadda dama ake zargi, wai ai ga shi inji ma ya tabbatar ba ya gidan. Wata har ce min ta yi in ɗora farantin a jikin kishiyarta da akwatinta. Na ƙi, na naɗe kayana. Shirun inji ba shaida ba ce a kan kowa. Yana iya yiwuwa abun yana nan ƙusa ta danne ƙararsa, ko ya yi zurfi, ko yana jikin katangar da aka yi wa dannin kwano inda ba na iya matsawa, ko a hanyar rijiya ya faɗi, ko gidan biki, ko kunnena ne ya gaji na wuce shi. Yanzu tun a zaure nake faɗa wa mai gida, in na gani alhamdulillahi, in ban gani ba ban ce an sata ba, kuma ba na caje mutum. Wanda bai yarda da haka ba ya nemi wani. Ba zan bari a mayar da ni mai duba mai batir ba.

Wani lokacin kuma abun da ba a aike ni ba nake samowa. Tsofaffin kuɗi sun fi yawa, kwabo da ɗari da anini masu huji a tsakiya na zamanin Turawa, da sulallan da aka daina karɓa bayan naira ta shigo a 1973, waɗannan mai gida nake ba wa, yara su yi wasa da su ko tsofaffi su karɓa su yi ta ba da labarin abun da kwabo ke saye. Amma na taɓa tono zoben azurfa na maza a bakin rijiyar gari ina neman na wata. Na kai wa Baba Malam na tambaye shi, yace hukuncin tsintuwa a fili yake, hadisin Zaidu ɗan Khalid yana cikin Bukhari da Muslim, mutum ya gane alamomin abun da kyau ya yi cigiya shekara guda, in mai shi ya zo ya faɗi kamanninsa a ba shi. Aka yi sanarwa a masallaci an tsinci zobe ba a faɗi irinsa ba. Mutum uku suka zo, na ukun ne ya faɗi kalar dutsen da inda ya tsage.

Masu zuwa su ce in raka su kufai a tono tukunyar zinaren mutanen da, ko wani tsauni da aka ce ana ganin wuta da dare, su kam haƙuri nake ba su. Na farko ni mace ce da aure da aikin makaranta. Na biyu ma'adinin da ke ƙasa dokar 2007 ta ce na gwamnatin tarayya ne sai da lasisi, kayan tarihi kuma akwai hukumar gidajen tarihi da aka kafa tun 1979 da ke da iko a kansu. Ga halin tsaro, a gan ki a daji da inji a kafaɗa wa zai tsaya jin bayani. Ko cikin gari in zan je ƙauyen da ba a san ni ba sai an fara sanar da mai unguwa.

Masu tambayata wane za su saya, ni ba 'yar kasuwa ba ce, amma ku yi hankali da jabu don sun cika gari, kwali iri ɗaya suna iri ɗaya ciki fanko. Ku fi yin hankali da wanda ake tallatawa a Facebook da TikTok mai eriya kamar ta rediyo, wai yana nuno zinare daga nisan kilomita. Ƙarya ce. Irinsa wani ɗan Ingila James McCormick ya sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe a matsayin na'urar gano bam, kotu ta ɗaure shi shekara 10 a 2013 don babu komai a ciki. Kuma manyan injinan 'yan haƙar zinare masu tsada ba su dace da tsakar gida ba, zurfi suke ji amma ba sa bambance tarkace da kyau, za ki wuni kina tono ƙusa daga ƙasan tushen gini. In za ki gwada, ki je da ɗan kunnenki na gwal ki binne a gaban mai sayarwa.

Wadda abunta ya ɓata kuma take so in zo, dan Allah kar a yi shara, kar a kwashe juji, kar a zubar da toka, a ɗaure kaji in da hali. Ki zauna ki tuna tun daga lokacin da kika san yana jikinki, ki tambayi waɗanda kuka wuni tare don sun fi ki tuna inda kika zauna. In wari ɗaya ne ya ɓata ki adana ɗayan ki ba ni in na zo. Da safe nake zuwa ranar da ba makaranta, kafin rana ta yi zafi yara su cika gidan. Batir huɗu yake ci, ƙanana irin na rediyo, kuma mai gwal ce ke saye ko an gani ko ba a gani ba.